Gaɓa Ta Goma Sha Biyu

Ɗinki huɗu aka yi wa Baba a yatsansa manuni na hagu, kuma ko kwana uku ba a yi ba Mama ta sake kama shi da wuƙa a hannu. Ta kwashe wuƙaƙen ta tura cikin buhun shinkafa, ya gano su. Ta mayar da su ƙarƙashin katifa, nan ma ya gano su. Baba baduku ne, shekara arba'in yana ɗinka takalma a ɗan shagon da ke jikin gidanmu, yanzu kuwa hannunsa na dama ya soma rawa. Likita ya ce ɗinki da shafa gam da buga guduma duk babu laifi, amma yanka fata da wuƙa mai kaifi a bar shi. Baba ya ce wa likita to, ya dawo gida ya wasa wuƙarsa.

Ni ce autarsa, shekarata ashirin da tara, aikina kuwa zane a kwamfuta. A wani shago nake inda muke buga allunan talla da sitika da katunan gayyata. A ɗakin baya muna da injin da ke yanka da wutar leza, yana yanka roba da katako mara kauri, har da fata. Ka ba shi layi, ya bi layin ya yanka, kuma ba shi da yatsan da za a kai asibiti. Tun ranar da na ga jini a tsumman Baba nake wannan tunani, sai dai na san halin mutumina, ba a zo masa da magana ta gaba.

Kowane mai ƙafa da ke zuwa wurin Baba yana da kwalinsa. Kwali ne da ya yanka daidai siffar fuskar takalmin mutum, sai ya ɗora shi a kan fata ya bi gefensa da wuƙa. Suna rataye a ƙusoshi jikin bango, kowanne da rubutun fensir a baya: direba 43, malamar asibiti 39, mai shayi 41. Wata safiya na kai masa ruwan zafi, na tsaya ina kallon kwalayen kamar ban taɓa ganinsu ba.

"Baba, ka ba ni kwalayen nan in shigar da su kwamfuta mana. Inji ya yanka fatar, kai ka ɗinka. Takalmi naka ne har gobe, wuƙar kawai za ka ajiye."

Bai ɗago ba. "Injin nan naku ya taɓa ganin ƙafa?"

"Ba sai ya gani ba, layi yake bi."

"To, makaho ne mai biyayya ke nan."

Mama tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, "Malam, ko makaho ne ai ya fi mai zubar min da jini a tsakar gida."

Har na fara cire rai. Can sai Baba ya jawo aljihun tebur, ba bango ya nufa ba, ya fito da kwalaye biyu sababbi ya miƙa min. "Ki yanka min waɗannan. In suka fito yadda suke, zan miƙa wa uwarki wuƙar da hannuna. In ba su fito ba, kada wanda ya sake min maganar."

Na karɓa ina murna a ciki. A ganina an gama, don abin da ya fi wannan wuya ina yin sa kafin a tashi cin abincin rana.

Tun a hanya abu biyu suka ɗan tsaya min a rai. Sauran masu ƙafa kwali ɗaya Baba yake musu, in ya yanka na dama sai ya kifa shi ya yanka na hagu. Wannan kuwa biyu ne, dama daban hagu daban. Sannan babu sunan kowa a baya sai lamba 29, alhali takalmi mai lamba 29 na ƙaramin yaro ne, waɗannan kuwa na babban mutum ne. Na ce a raina tsufa ne, hannu ya yi rawa lissafi ma ya bi shi.

Da na isa wurin aiki na ɗora su a sikana, hotonsu ya fito a fuskar kwamfuta. Na hagun yana da wani ɗigon tabo ruwan ƙasa kusa da gefe, na goge shi da dannawa biyu. Sai na sa manhajar ta bi gefen hoton da kanta ta fitar min da layi.

Layin da muke zanawa a kwamfuta ba tawada ba ne. Kamar waya ce mai laushi da aka kafe da 'yan ƙusoshi nan da can. A wurin aiki nod ake ce wa kowace ƙusa, ni kuwa gaɓa nake cewa, don a nan layi yake lanƙwasa. In ka taɓa gaɓa sai hannuwa biyu sirara su fito daga jikinta, ɗaya gaba ɗaya baya. Ka ja hannu ya yi tsawo, lanƙwasar ta buɗe. Ka gajarta shi, ta tsuke. Ka juya shi, layin ya bi ka. Aikin ke nan duka, kuma shekara bakwai ina yin sa bai gundure ni ba.

Manhajar ta fitar min da gaɓa ɗari shida da goma sha huɗu a kwali ɗaya, sun yi jerin gwano a gefen kamar tururuwa a bakin kwanon sukari. Na jawo hoton kusa, sai na ga dalili. Duk inda hannun Baba ya yi rawa wuƙa ta bar 'yar tsaga, ita kuwa manhaja ba ta da kara, ta kafa wa kowace tsaga gaɓarta. Ciwon ubana ne a shimfiɗe a gabana, an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya abin ya sosa min rai, har na ɗan jingina da kujera kafin in ci gaba.

Matar da ta koya min aikin nan takan ce lanƙwasa ɗaya gaɓa biyu ta ishe ta, ta ukun 'yar gulma ce. Na riƙe maganar nan kamar wasiyya, kuma da ita nake yi wa abokan aiki kuri. Na fara da na dama. Na yi ta zaɓar gaɓoɓi ina sharewa, ina jan hannuwan waɗanda suka rage har layin ya kwanta a kan gefen kwalin lif. Daga ɗari shida na dawo da su goma sha ɗaya. Ya fito sumul, irin yadda Baba zai yanka shi da a ce shekara ashirin baya ne.

Da na zo kan na hagu sai dabara ta zo min. Na juya layin dama kamar a madubi, na ɗora shi a kan hoton na hagu. Ko'ina suka dace, sai wuri ɗaya. A gefen waje, ƙasa kaɗan da inda ƙaramin yatsa zai zauna, kwalin hagu ya ɗan kumburo waje, abin da bai wuce faɗin ƙwayar wake ba. Nan ne kuma daidai inda tabon nan yake. Na ce ga inda hannun ya fi kufce masa, Allah sarki. Na bar layin madubin a matsayin na hagu, na tura wa Dogo a ɗakin baya.

Dogo shi ne mai kula da injin, magidanci ne mai 'ya'ya biyar da rashin gaggawa. Ya shimfiɗa fatar da na zo da ita, wutar ta bi layi tana hayaƙi siriri, cikin minti biyu ya miƙo min guda biyu, tagwaye sak.

Da yamma na ajiye su a gaban Baba ina jiran yabo. Ya ɗauki na dama, ya bi gefensa da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki na hagu ya soma bi. Da ya iso gefen waje sai yatsan ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi, ya sake tsayawa a wurin.

"Wannan ba kwalina ba ne."

"Naka ne, Baba. Gyara shi kawai na yi."

"Na ce ki gyara?"

"Ai akwai inda hannunka ya..." Na haɗiye sauran.

"Faɗi mana, Auta. Ya yi rawa." Ya ajiye fatar a hankali. "Yankan ya yi kyau, ban taɓa ganin gefe mai tsafta haka ba. Amma ƙafar da za ta shiga cikinsa kuka za ta yi."

"Ƙafar wa?"

"Ba ya cikin sharaɗinmu."

Wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake yini ina gyara wa mutane zane, yau an ce nawa ne bai yi ba, kuma an ƙi faɗa min dalili. Na kwashe kwalayen na fita fuu, na iske Mama a kicin na zazzage mata. Ta saurare ni tana yanka albasa, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kaina da nasa ba ta san wanda za ta zaɓa ba. Na tambaye ta ko ta san mai kwalin. Ta ce albasar nan da yaji take, ta juya min baya. Washegari da safe na ji ƙarar dutsen washi daga shago, ƙyas, ƙyas, kuma kowace ƙara a cikina nake jin ta.

Kwana biyu ina buɗe zanen ina rufewa. Fushin ya wuce, abin da ya rage son sani ne, kuma shi ya fi cin rai. A rana ta uku Dogo ya zo wucewa da kofin shayinsa ya tsaya a bayana.

"Har yanzu ke da waken nan?"

"Kuskure ne, Dogo. Ko hannu ne ya kufce, ko kwalin ne ya lalace a aljihu."

Ya sunkuyo ya ƙura ido. "Ni dai ban san zane ba. Amma ɓera in ya ci kwali ragewa yake, ban taɓa ganin wanda ya ƙara ba. Jawo min shi kusa."

Na jawo. Ya nuna da gefen kofin. "Dubi sauran wuraren da kika ce rawa ce. Shiga, fita, shiga, fita, kamar haƙoran zarto. Nan kuwa fa?"

Na duba da kyau, karo na farko ba da niyyar sharewa ba. Na dawo da tsohon layin mai gaɓa ɗari shida, na bi su ɗaya ɗaya. A ko'ina gaɓoɓin a hargitse suke, hannuwansu kowanne ya kalli inda ya ga dama. Amma a kan kumburin sun jeru a natse, sun hau a hankali ta gefen yatsu, sun sauka a hankali fiye da haka ta gefen dunduniya. Mai yankan ya rage gudu a nan, ya riƙe numfashi, ya tilasta wa hannun da ke rawa ya yi masa biyayya. Wuri mafi wuya a kwalin shi ne wurin da aka fi yankawa da kyau, ni kuma shi na share.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Dogo, ya wuce abinsa.

Ranar da Mama ta raka Baba asibiti a cire masa zaren ɗinki, na nemi izinin awa biyu na dawo gida. Na san inda makullin shago yake. Ban ji daɗin abin da nake yi ba, amma ban fasa ba. A aljihun teburin babu komai sai basilla da guntayen zare. A ƙarƙashin tebur kuwa, bayan ƙafar ƙarfen nan mai nauyi da ake kifa takalmi a kai a buga masa ƙusa, akwai wani tsohon gwangwanin biskit. Na buɗe. Kwalaye ne a ɗaure da zare, manya a ƙasa ƙanana a sama, na can sama bai fi tafin hannuna ba. Babu suna ko ɗaya, sai lambobi: 1, 2, 3, har zuwa 28.

Na koma da su wurin aiki na yi ta ɗora su a sikana. Na fitar wa kowanne layinsa, na ba shi launinsa, na jera su wani a kan wani, dunduniya a kan dunduniya. A fuskar kwamfuta suka fito kamar an yanka albasa a tsakiya, ƙarami cikin babba. Lamba 1 kwali ɗaya ne tak, babu kumburi, irin na kowa. Daga lamba 2 aka fara yin biyu, kuma kowane na hagu yana da wakensa. Na zaɓi gaɓar da ke kan ƙololuwar kowane kumburi, suka haskaka gaba ɗaya, sai ga su sun yi layi guda daga tsakiya zuwa waje, kamar sawun wani abu da ya yi shekaru yana tafiya a hankali. Daga lamba 17 layukan suka daina girma, suka haɗe kusan wuri ɗaya. Ƙafar ta gama girma ke nan, amma ba a daina yi mata sabon kwali ba.

Wane ne wannan da Baba ya bi ƙafarsa tun tana tafin hannu, kowace shekara, har sau ashirin da tara?

Ban ƙarasa tambayar ba amsar ta zo min. Duk shekara Baba yana ajiye min sabon takalmi a bakin ƙofar ɗakina. Bai taɓa auna ni ba, tsohon kawai yake karɓa, ya zura yatsu ciki yana lalube kamar mai neman abin da ya ɓace. Na tura kujera baya, na cire takalmina na hagu a ƙarƙashin tebur, na shafa gefen ƙafata. Ga shi nan, ƙasa da ƙaramin yatsa, wani ɗan ƙashi da ya fito. Na san da shi mana, kamar yadda mutum ya san da kunnensa, amma ban taɓa tambayar kaina ko akwai irinsa a dama ba. Na shafa daman. Babu. Sau biyu a rayuwata na sayi takalmin kanti, duka biyun suka ci min ƙafar hagu, duka biyun kuma mai kantin na zaga.

Garin gyaran gira na tsone ido, kuma idon nawa ne.

Da la'asar na shiga shagon da gwangwanin a hannu ɗaya, kwamfutar tafi-da-gidanka a ɗayan. Baba yana zaune yana jujjuya yatsan da aka cire wa zare. Ya ga gwangwanin, bai yi faɗa ba. Na buɗe kwamfutar na juya masa ita, layuka ashirin da tara masu launi, da jerin gaɓoɓin nan suna haske.

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. "Wannan jan fa?"

"Lamba bakwai."

"Shekarar da kika shiga makaranta. Kin ƙi cire shi ko da za ki kwanta." Ya matso da fuska. "Haka suke ashe in an tara su. Ni ban taɓa ganinsu a tare ba."

"Baba, me ya sami ƙafata?"

Ya cire tabarau ya kalli ƙafar ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur. "A da a kan tebur take zama. Kina da shekara ɗaya da rabi, kin fara tafiya, uwarki ta bar min ke ta shiga wanka. Wani ya zo karɓar takalmi, na miƙe in ɗauko masa, gwiwar hannuna ta ture ta. Kina tsaye a gindin teburin kina riƙe da wandona. Ƙashin ya haɗe, likita ya ce za ki yi tafiya lafiya, sai dai takalmi zai riƙa tuna miki. Na ce a raina babu takalmin da zai tuna miki muddin ina da hannu."

Mama ta iso bakin ƙofa ban san lokacin ba. "Tun tana shekara goma nake cewa ka faɗa mata. Tsautsayi ne, ba ka fi ƙarfinsa ba."

"Kunya ce," in ji Baba, ba ita yake kallo ba. "Mutum ya ce wa 'yarsa ni na fasa miki ƙafa."

Na ɗauko kwalin hagu mai lamba 29, na nuna tabon da na goge a hoto. "Wannan jininka ne."

"A nan wuƙa take juyowa wajen yatsa. Dole ce, in ana son lanƙwasar ta fito."

"Saboda takalmina ka yanke."

"Direba zai sami wani baduku, Auta. Malamar asibiti ma haka, mai shayi ko silifa ya saka ba ruwansa. Ke ce ban san wa zan bar wa ba. Shi ya sa na ba ki kwalin ban ce komai ba. Na ce in injin ya ga wurin da kansa, to zan iya ajiye wuƙa. Sai ya zo bai gani ba."

"Injin ya gani, Baba. Ni ce na share."

Kuka ya taso min, na danne shi da ƙyar, don na san in na fara shi ma zai rasa inda zai sa fuskarsa. Na jawo kujera kusa da shi na buɗe layin hagu mai gaɓa goma sha ɗaya, hoton kwalinsa yana ƙasa. Na danna sau biyu a gefen waje, sabuwar gaɓa ta fito da hannuwanta biyu.

Baba ya mayar da tabarau. "Waɗannan gashin bakin fa?"

"Da su ake lanƙwasa layin. Duba." Na ja gaɓar waje, layin ya biyo ta.

"Ikon Allah. Kamar fata in ta jiƙa. Ja kuma in gani." Na ja. "Kin wuce. Koma. Tsaya nan." Ya kai yatsa kusa da gilashin, yatsan yana rawa amma idon ba ya rawa. "Na gaban nan ki gajarta shi, hawan ya fi sauri ta wajen yatsu. Na bayan ki sake shi ya yi tsawo, don in kina tafiya ƙafar baya take zamewa, tana son wurin sauka."

Na gajarta na gaba, na ja na baya. Layin ya kwanta a kan gefen kwalin kamar an zuba shi.

"Yanzu ki ƙara kaɗan waje."

"Ai ya dace da kwalin, Baba."

"Kwalin ne bai kai ba. Bana hannun ya hana ni, na tsaya kafin in isa. Ƙara kamar kaurin farce."

Na matsar da gaɓar da maɓallin kibiya, sau ɗaya, sau biyu. Ya ce, "Nan." Shekara bakwai ina taƙama da ƙarancin gaɓa, ban taɓa kafa wadda ta kai wannan amfani ba.

Washegari Dogo ya yanka sabuwar fata. Baba ya bi gefenta da babban yatsa, yatsan ya hau kumburin ya sauka bai tsaya ba. Kwana huɗu ya yi yana ɗinki. A safiya ta biyar na buɗe ƙofar ɗakina na tarar da takalmin a inda aka saba ajiye shi. Na saka, na zaga tsakar gida sau biyu. Ban ji komai ba, kuma sai ranar na gane cewa rashin jin nan aikin mutum ne.

Na same shi a shago, Mama tana tsaye a gefensa. Ya naɗe wuƙaƙensa uku a cikin wani ƙyallen fata ya ɗaure da zare, amma bai miƙa ba tukuna.

"Auta, abin nan da kika kafa, zai zauna? Ko bayan ba ni?"

"Zai zauna, Baba. Na ajiye shi wuri uku."

"In wani mai son tsafta irinki ya zo ya ga kamar kuskure ne fa?"

Na buɗe kwamfutar a kan teburinsa, na kulle layin yadda ba mai iya taɓa gaɓa ko ɗaya sai ya buɗe da gangan. Sannan na ja 'yar kibiya zuwa kan kumburin, na ce ya faɗi abin da za a rubuta a wurin. Ya yi tunani, ya ce in rubuta: kada a gyara, da sani aka yi. Na rubuta, ya sa tabarau ya karanta da kansa, bakinsa yana motsi.

Sai ya miƙa wa Mama ƙunshin da hannu biyu. Ta karɓa, ta shige gida da shi. Baba ya juyo gare ni ya buɗe tafin hannunsa.

"Kawo tsohon in duba cikinsa. Baɗi sai mu ga ko za a matsar da gaɓar nan taki."